Wa ke ciyar da mai neman ilimi mai zurfi? Tarihin burs a ƙasarmu

Bari mu fara da ɗan lissafi. Yaro yana shiga lakkwal yana da shekara 7. Zai yi shekara 6 a ƙaramar lakkwal, shekara 4 a kolej, shekara 3 a lise, sannan ya samu takardar bak. In ya shiga jami'a, sai ya yi shekara 3 kafin ya samu lisans. Daga nan ne karatu mai zurfi yake farawa: shekara 2 don mastar, shekara 3 ko fiye don doktora. In muka haɗa, shekara 21 ke nan, in bai faɗi ko sau ɗaya ba. Yaron da ya shiga da shekara 7 zai fito yana da 28. Tsaransa sun daɗe da yin aure, suna noma, suna ciyar da iyali. Shi kuwa duk tsawon wannan lokaci ci yake yi, bai kawo ko tiya guda ta hatsi gida ba.

To, wa ke ciyar da shi? Wannan tambaya ta girmi lakkwal ta Nasara. Kowane zamani da amsar da ya ba ta, kuma duk wanda ya ɗauki nauyin ɗalibi akwai abin da yake so a biya shi da shi.

Kafin zuwan Nasara

Kakanninmu sun san tafiya neman ilimi. Wanda ya sauke Alƙur'ani, yana son ya shiga manyan littattafai na fiƙihu da nahawu da tafsiri, sai ya bar garinsu ya bi malamin da ya shahara a kan fannin. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, har Agadas. Irin wannan ɗalibi ba yaro ba ne mai bara ƙofa ƙofa. Yana noma gonar malam da damina, yana ɗinkin hula ko riga, yana rubuta littafi da hannu a saya. Attajirin unguwa kan ba shi masauki da tuwon dare, kuma in kaka ta yi yana samun rabonsa cikin zakka. Gari ne ke ciyar da shi, gari kuma yake jira ya dawo ya yi limanci, ya raba gado, ya karantar da yara.

Har da masu zuwa ƙasashen waje an yi wa tanadi. Wajen shekara ta 1240 da wani abu, zamanin Mai Dunama Dabalemi, mahajjatan Kanem suka ba wani alƙali na Masar mai suna Ibn Rashiƙ dukiya don ya gina makaranta a Alƙahira. Nan mutanensu suke sauka, suna karatu, kuma ana ci gaba da aiko da kuɗi daga gida. Daga baya masallacin Azhar ya ware wa ɗaliban Barno ɓangare nasu. Ɗalibi yana samun wurin kwana da burodi na kowace rana daga dukiyar wakafi, wato gidaje da gonaki da masu hali suka tsayar don amfanin masu karatu. In mun duba da kyau, wannan shi ne abin da yau muke kira burs: ci da kwana, don hankalin mutum ya tsaya kan littafi.

Zamanin Nasara

Da Faransa ta kama ƙasa, ba masana take nema ba. Tana buƙatar tafinta, da magatakarda, da mushe, da mai taimakon likita. Babbar makarantar da ta tanada wa dukan Afirka ta yamma ita ce Wiliyam Ponti a Senegal, da farko a tsibirin Gore, daga baya a Sebikotan. Ana shiga da jarrabawa mai tsanani, kuma ƴan Nijar da suke samun shiga a shekara ba su da yawa. Bubu Hama, wanda aka haifa a 1906, shi ne mushe na farko ɗan ƙasar nan da ya fito daga can, a 1929. Jori Hamani da Jibo Bakari su ma can suka yi. Gwamnatin mulkin mallaka ke biyan abinci da tufafi da kuɗin mota, shi kuma ɗalibi ya sa hannu a takarda cewa zai yi mata aiki shekara 10. Takardar Ponti kuwa ba ta buɗe ƙofar jami'ar Faransa. An yi wa karatun rufi, ba a son kowa ya wuce shi.

Kuɗin da ake kashewa ba daga Faransa yake zuwa ba. Daga lanho yake fitowa, wanda talaka ke sayar da gujiya ko akuya ya biya. Ya kamata mu riƙe wannan, domin zai sake dawowa.

Bayan yaƙin duniya na biyu abubuwa suka sassauta. A 1946 aka soke aikin tilas, aka kafa wani asusu na raya ƙasashen da Faransa ke mulki, ana ce masa FIDES, aka kuma fara ba ƴan Afirka burs na zuwa jami'o'in Faransa. A 1950 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Dakar, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1957. A cikin 1950 ɗin ne kuma ɗaliban baƙar fata da ke Faransa suka kafa ƙungiyarsu mai suna FEANF. Abin da ya fara haɗa su shi ne maganar burs: ba ya isa, yana makara, kuma ana iya yanke shi ga duk wanda ya cika baki a kan siyasa. Ba a daɗe ba ƙungiyar ta wuce maganar kuɗin abinci, ta shiga neman mulkin kai.

Hanyar Abdu Mumuni

Rayuwar mutum ɗaya za ta nuna mana yadda tsanin yake. An haifi Abdu Mumuni a Tasawa a 1929. Ya yi Ponti, ya samu bak a Dakar, ya wuce Paris. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malanta ta Faransa a fannin kimiyyar fizik, wadda ko ƴan Faransa kaɗan ne ke cin ta. Yana cikin waɗanda suka kafa FEANF. Da ƙasar Gine ta ƙi tayin Janar Dagol a 1958, Faransa ta kwashe ma'aikatanta, shi kuma ya tafi Konakiri ya koyar. Daga baya ya samu tallafin zuwa Tarayyar Sobiyet, inda ya zurfafa bincike kan ƙarfin hasken rana. A 1964 ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, wanda a ciki ya nemi a koyar da yara da manya cikin harsunansu. Babbar takardar doktora sai a 1967 ya same ta, yana da shekara 38. A 1969 ya kama shugabancin ofishin binciken hasken rana na Nijar, ONERSOL, a 1979 kuma aka naɗa shi shugaban jami'ar Yamai. Ya rasu a 1991, shekara guda bayan haka aka sa wa jami'ar sunansa.

Mu lura: kafin a samu masani guda irin wannan, sai da kuɗi ya fito daga lanhon talakawa, da baitulmalin Faransa, da na Sobiyet, da kuma albashinsa na koyarwa. Ba aljihu ɗaya ne ya ɗauke shi ba.

Mulkin kai da gasar manyan ƙasashe

A 1960, yaran ƙasar nan da ke lakkwal ba su kai 5 cikin 100 ba, jami'a kuwa babu. Sabuwar gwamnati tana buƙatar likitoci, da injiniyoyi, da alƙalai, da malaman gona, kuma kusan duk manyan kujerun Nasara ne ke kansu. Don haka duk wanda ya samu bak, burs yana jiransa. Hukuma ce ke zaɓar masa abin da zai karanta da inda zai je, Dakar ko Abijan ko Faransa. In ya dawo, aiki na jiransa. Gujiya ce babbar hajar da ƙasa ke fitarwa a lokacin, saboda haka guminku ne, manoman Maraɗi da Damagaram, ya biya rabo mai yawa na wannan karatu.

A waje kuma manyan ƙasashe suna gasar neman abokai. Faransa ta canza FIDES da wani sabon asusun taimako a 1959. Amurka tana da shirin Fulbright tun 1946. Tarayyar Sobiyet ta buɗe jami'ar abota a Mosko a 1960, ta sa mata sunan Patiris Lumumba a 1961, tana ba da karatu, da ɗaki, da kuɗin kashewa, har da rigar sanyi. Kowace ƙasa tana fatan wanda ta karantar zai tuna da ita ranar da ya zama minista.

Wannan gasa ta cinye waɗansu. Bayan an hana jam'iyyar Sawaba a 1959, ta tura samari da yawa karatu ƙasashen gurguzu ta bayan fage. Da yawansu ƴaƴan talakawa ne waɗanda ba su da wata hanya. Da suka dawo, hukuma ta dube su da idon zargi, an tsare waɗansu, waɗansu kuma suka daɗe ba a yarda da takardunsu ba. Ilimin yana nan cikin kai, amma hannun da ya biya shi ya zama laifi.

A watan Mayu na 1968 rikici ya tashi a jami'ar Dakar. Mafarinsa shi ne gwamnatin Senegal ta rage burs, ta kuma ce wata 10 za ta riƙa biya maimakon 12. Ɗalibai suka yi yaji, jami'an tsaro suka shiga jami'ar, aka kwashe ɗaliban sauran ƙasashe aka mayar da kowa gida. Magabata suka gane cewa mai kwana a ɗakin wani ba shi da ikon ƙofa. A 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, a 1973 ta zama jami'a. Tun 1968 kuma ƙasashe masu aiki da faransanci sun kafa wata majalisa mai suna CAMES, mai zama a Wagadugu, don ta auna takardun jami'o'i da darajar malamai, yadda takardar wannan ƙasa za ta yi aiki a waccan.

Shekarun uraniyom da abin da ya biyo baya

An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971. Daga tsakiyar shekarun 1970 kuɗinsa ya hau, baitulmali ya cika. Zamanin Seyni Kunce an yi gine-gine, an ɗauki ma'aikata, ɗalibin jami'a kuma yana karɓar burs wanda har yakan aika wa iyaye wani abu daga ciki. Amma jami'ar Yamai ba ta da isassun malamai da ɗakunan bincike da za ta kai mutum doktora a yawancin fannoni. Mai son ya wuce lisans sai ya fita waje, kuma sau da yawa wata ƙasa ce ke biya. A 1986 jami'ar Musulunci ta Say ta buɗe da kuɗin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ta zama ƙofa ga masu karatun larabci.

Daga farkon shekarun 1980 kuɗin uraniyom ya faɗi, fari na 1984 ya biyo baya, bashi ya yi wa ƙasa yawa. Gwamnati ta nemi rance wajen asusun FMI da Bankin Duniya, su kuma suka gindaya sharuɗɗa. Ra'ayinsu a lokacin shi ne, kuɗin da ake kashe wa ɗalibin jami'a guda ya isa a karantar da yara da yawa a ƙauye, saboda haka a rage burs, a mai da ƙarfi kan ƙaramar lakkwal, a daina ɗaukar duk wanda ya gama aiki kai tsaye. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin yawancin yaran karkara ba su taɓa ganin allon lakkwal ba. Sai dai ta bar tambaya guda: in ba a horar da manyan malamai ba, wa zai horar da mushen da zai je ƙauyen?

Ran 9 ga watan Fabrairu 1990, ɗalibai ƙarƙashin ƙungiyarsu ta USN suka taso daga jami'a, za su ƙetare gadar Kenedi su shiga gari don nuna ƙin waɗannan matakai. Jami'an tsaro suka buɗe wuta. Hukuma ta ce ɗalibai 3 suka mutu. Wannan rana ta girgiza ƙasa, ta haɗa kan ɗalibai da ƙungiyoyin ma'aikata, tana kuma cikin abubuwan da suka kai mu ga babban taron ƙasa na 1991. Har yanzu ɗalibai suna tunawa da ita kowace shekara.

Dimokuraɗiyya ba ta cika baitulmali ba. A cikin shekarun 1990 burs da albashi sukan yi watanni ba a biya ba, yaji ya bi yaji, har aka yi shekarun da ba a yi jarrabawa ba sam. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa: faran guda na Faransa da ake saye tamma 50 ya koma tamma 100. Dare ɗaya nauyin duk ɗalibin da ke Turai ya ninka. Tarayyar Sobiyet kuma ta riga ta wargaje a 1991, ƙofa babba ta ƙuntata. Waɗanda suka gama doktora a waje da yawa ba su dawo ba, domin babu aikin da ke jiransu. Ƙasa ta yi shuka, wasu suka girbe.

Ƙofofin da suka biyo baya

Daga 2010 aka buɗe jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 kuma a Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Aka ɗauki tsarin lisans, mastar, doktora, ya zama ana iya yin karatu mai zurfi a gida a fannoni da dama. Amma ɗalibai sun ninku fiye da yadda kuɗi ya ninku. A watan Afrilu 2017 an sake zanga-zanga a Yamai kan jinkirin burs da halin zaman jami'a, ɗalibi guda ya rasa ransa.

Mai neman wuce lisans yana da hanyoyi kamar huɗu. Ta farko ita ce burs na gwamnati, wanda hukumar ANAB ke kula da shi. Ana duba maki da shekarun haihuwa, kuma ba kowa ke samu ba. Ta biyu ita ce burs na ƙasashe abokai, kamar Aljeriya, Maroko, Turkiyya, Sin da Rasha, da na Bankin raya ƙasashen Musulmi. A nan sai an karanta takarda da kyau, domin wani burs karatu da ɗaki kawai yake ɗauka, kuɗin jirgi da na abinci ya rage ga iyaye. Ta uku ita ce shirye-shiryen bincike. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 bayan babban fari, tana horar da masana yanayi da ruwa na ƙasashen Sahel. Cibiyar ICRISAT ta Sadore tana karɓar ɗalibai masu bincike kan hatsi da gujiya. Shirin WASCAL, da kuɗin Jamus, ya ɗauki nauyin masu karatu kan sauyin yanayi da makamashi a jami'ar Yamai. Bankin Duniya ma, wanda a da ya ce a rage kuɗin jami'a, tun 2014 ya koma zuba kuɗi a cibiyoyin mastar da doktora na Afirka. Hanya ta huɗu ita ce aljihun mutum: mushe ko ma'aikaci ya tara daga albashinsa, ko dangi su sayar da sa, ya tafi Sakkwato, Kano ko Zariya, inda harshe da abinci ba baƙi ba ne gare shi.

Ƙofar Faransa, wadda ita ce babba tun 1946, ta yi ta ƙuntata. A 2019 kuɗin rajistar mastar ga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba ya tashi daga Yuro 243 zuwa 3,770 a shekara, wato daga wajen jika 160 zuwa kusan miliyan biyu da rabi na sefa, ko da yake jami'o'i da yawa sun yafe wa ɗalibansu ƙarin. Bayan juyin mulkin watan Yuli 2023 Faransa ta dakatar da taimakonta, ta kuma rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024. Ɗaliban da suka shirya jakarsu suka tsaya cak, kamar yadda ya faru da na Dakar a 1968.

Abin da tarihin ya koya mana

Mai ba da burs shi ke zaɓar tambayar da za a bincika. In kuɗi na waje ne, abin da ya dami na waje za a fi dubawa. Wani lokaci damuwarsu da tamu sukan haɗu, kamar maganar fari. Wani lokaci kuwa ba su haɗuwa, sai a rasa mai biyan wanda zai yi shekara 3 yana nazarin ƙwarin da ke cin wake a rumbu, ko tarihin Gobir da Katsinar Maraɗi, ko nahawun harsunanmu. Ƙasar da ke son a amsa tambayoyinta, dole ta ware nata kuɗi, ta kuma biya kan lokaci, domin burs da ya makara wata 4 ɗan mai hali kawai ke iya jiransa. Ɗan talaka sai ya ajiye littafi ya kama kabu-kabu. Ƴa mace kuwa, in babu tallafi a hannu, ita ce ta farko da za a ce ta dawo gida ta yi aure.

Ku iyaye, in ɗanku ko ƴarku ta zo da labarin burs, ku zauna ku sa a karanta muku takardar. Ku tambaya wa ke biya, me da me yake ɗauka, shekara nawa. Ku tambaya ko hukuma ta yarda da takardar makarantar, kada a dawo da abin da ba ya aiki a gida. Ku yi hattara da duk wanda ya ce a ba shi kuɗi a ɓoye zai samo burs. Na gaskiya ana sanar da shi a fili, da ranar rufe karɓar takardu.

Ku kuma ƴan makaranta da Allah ya ba wannan dama, ku tuna cewa tun zamanin zakka, da na lanho, da na gujiya, har zuwa na uraniyom, akwai mai haƙuri a gona wanda aka rage masa don a ba ku. Yawancin waɗannan mutane ba su taɓa shiga aji ba. Mafi ƙarancin abin da suka cancanta shi ne ku dawo, ku kuma faɗa musu abin da kuka gano cikin harshen da suke ji.